Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41: Abin da Alli da Allo Za Su Iya Faɗa Game da 2^136,279,841 − 1

Maƙalar da aka gabatar a taron malaman lissafi, Samaru, Zariya

Tsakure

Maƙalar ta duba lamba mafi girma da aka tabbatar babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, wato 2^136,279,841 − 1, wadda aka gano a watan Oktoba na 2024. Ta nuna cewa yawancin halayen lambar ana iya fitar da su da hannu ta hanyar lissafin saura, dabarar da malaman hisabi na ƙasar Hausa suka daɗe da sani, kuma wannan dabara ce ke ƙarƙashin gwajin da kwamfuta ta yi mata. Daga nan ta duba amfanin dangin lambar da kuma rabon da ya dace da ɗaliban Samaru a wannan bincike.

Gabatarwa



Ranar Asabar 12 ga Oktoba, 2024, wata na'ura a birnin San Antonio na jihar Texas a Amurka ta kammala gwajin da ya tabbatar da cewa 2^136,279,841 − 1 lamba ce gagara-raba, wato irin 2, 3, 5, 7 da 11, waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu. Wanda ya gano ta shi ne Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, ƙarƙashin GIMPS, shirin neman irin waɗannan lambobi da George Woltman ya kafa a 1996. Ya yi hayar dubban na'urori a cibiyoyin kwamfuta na ƙasashe 17, kuma alamar farko ta fito ne kwana ɗaya kafin nan daga wata na'ura a Dublin. Lambar na da alƙaluma 41,024,320. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe kwana 475 kafin ya kai ƙarshe. Wadda ta riƙe kambun kafin ita, 2^82,589,933 − 1 ta Disambar 2018, alƙalumanta 24,862,048 ne.

Ɗalibi a ajinmu idan ya ji wannan labari, abin da ke fara zuwa ransa shi ne harkar ta masu kuɗi da manyan injuna ce, nasa kallo ne. Wannan tunani nake so in rushe yau. Tambaya ɗaya tak ce game da lambar take buƙatar injin. Sauran duk alli ya isa.

Dangin Mersenne

Rubutun 2^p − 1 na nufin a jera 2 sau p ana ninkawa, sannan a cire 1. Za mu kira p lambar sama. Idan p ta kasance 2, 3, 5 ko 7, ana samun 3, 7, 31 da 127, dukkansu gagara-raba. Dole lambar sama ta zama gagara-raba ita ma, domin in p ta rabu gida a sau b, to 2^a − 1 za ta raba 2^p − 1; misali 2^6 − 1 = 63, kuma 3 da 7 duk suna raba ta. Amma wannan sharaɗi bai wadatar ba: 2^11 − 1 = 2,047, wato 23 sau 89.

Sunan dangin ya samo asali daga Marin Mersenne, malamin coci Bafaranshe, wanda a 1644 ya fitar da jerin lambobin saman da yake ganin suna aiki har zuwa 257. Ya sa 67 da 257 bisa kuskure, ya tsallake 61, 89 da 107. Euler ya tabbatar da 2^31 − 1 = 2,147,483,647 a 1772. Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu a 1876. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a bainar taro cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Daga 1952, lokacin da Raphael Robinson ya gano guda biyar da kwamfutar SWAC, aikin ya koma hannun injuna. Tamu ita ce ta 52 da aka sani a dangin. Daga nan zan riƙa kiranta M.

Abin da alli ke bayarwa

Mu fara da tsawonta. Yawan alƙaluman 2^p yana fitowa ne daga ninka p da logaridim na 2. Teburin alƙaluma huɗu da muke ba 'yan sakandare yana cewa 0.3010, kuma da shi amsar za ta gaza da kimanin alƙaluma 4,000. Ko da 0.30103 aka ɗauka, sai a samu 41,024,320.5, wanda zai ba da alƙalami ɗaya fiye da gaskiya. Sai an ɗauki 0.301029995664 ake samun 41,024,319.9453, a ƙara 1 a kan cikakken sashen, a samu 41,024,320. Ban san wani darasi da ya fi wannan nuna wa ɗalibi yadda ƙaramin kuskure ke girma idan aka ninka shi da babbar lamba ba. Guntun da ya rage, 0.9453, shi ma bai tafi a banza ba: a juya shi a tebur, zai ba da 8.817, wato M ta fara da 881.

Sai wutsiyarta. Alƙalamin ƙarshe na 2, 4, 8, 16, 32, 64 yana zagayawa ne 2, 4, 8, 6, sannan ya dawo. Idan aka raba 136,279,841 da 4, saura 1, saboda haka 2^p ta ƙare da 2, M kuma ta ƙare da 1. Alƙaluma uku na ƙarshe suna zagayawa duk bayan taki 100. Lambar samanmu ta ƙare da 41, kuma 2^41 = 2,199,023,255,552. A cire 1: M ta ƙare da 551. Wanda ya sauke fayil ɗin lambar, mai kimanin megabayit 41, zai ga hakan da idonsa a wayarsa.

Duk abin da muka yi a nan lissafin saura ne. Mai awo a kasuwar Sabon Gari idan ya gama juye buhu tiya-tiya, abin da ya rage a gindin buhun bai kai tiya ba. Mu wannan ragowar kaɗai muke bi, ba mu damu da yawan tiyoyin ba.

Mu gwada da 7. Tun da 2^3 = 8, wadda saurarta 1 ce, zagayen taki uku ne. Alƙaluman 136,279,841 idan aka tara su 41 ne, saboda haka saurarta 2 idan an raba da 3. Ke nan 2^p na barin 4, M na barin 3. Fassarar wannan a rayuwa ita ce: a ƙirga kwana M daga Asabar ɗin da aka tabbatar da lambar, ranar da za a sauka Talata ce. Da 9 kuwa zagayen taki shida ne, p na barin 5, 32 na barin 5, M na barin 4. Wato da mutum zai tara alƙalumanta miliyan 41 ɗin nan, ya sake tara na amsar, har ya rage guda, 4 zai samu. Mun san haka ba mu tara ko biyu ba.

Raba ta da 8 ya fi ba da sha'awa. Kowace 2^p daga p = 3 zuwa sama 8 na raba ta, saboda haka M na barin 7. Fermat ya lura cewa lamba mai barin 3 idan an raba ta da 4 ba ta zama jimlar murabba'i biyu, Legendre kuma ya nuna cewa mai barin 7 idan an raba ta da 8 ba ta zama jimlar murabba'i uku. Lagrange ya kafa hujja a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba. Don haka M na cikin masu taurin kai, sai da murabba'i huɗu cif, kamar ƙanwarta 7 = 4 + 1 + 1 + 1.

Wannan salon lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malaman hisabi a zaurukan Zariya, Kano da Katsina sun saba tara ƙimar haruffa su zubar da tara-tara ko sha biyu-sha biyu su riƙe saura, kuma littattafan lissafin Larabci na amfani da zubar da tara wajen duba ko ninki ya fita daidai. Ba abin da ake nema da hisabin nake magana a kai ba, ƙwarewar ƙirgen nake nufi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 da ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje wutiri. Wanda ya taɓa cika hatimi ta hanyar tsallen dokin dara ya san idan ya fita ta gefe ɗaya sai ya shigo ta ɗayan, kuma wannan lissafin saura ne tsantsa. Ya kuma san hatimi mai gida biyar-biyar ko bakwai-bakwai ya fi mai tara-tara sauƙin kai, domin 3 na raba 9. Ina ganin asara ce mu koyar da wannan babi kamar daga Gauss ya faro a 1801, alhali ɗalibin na iya samun kakansa ya san rabinsa.

Tambayar da ta gagari alli

Shin akwai wata lamba da ke raba M? Fermat ya rage mana aiki tun 1640: duk gagara-rabar da za ta raba 2^p − 1 dole ta zama 2kp + 1. Duba 2,047: 23 ita ce 22 + 1, 89 ita ce 88 + 1. Ga tamu, ƙaramar da ma za a fara dubawa ita ce 272,559,683. Duk da wannan rangwame, gwada masu rabawa ɗaya bayan ɗaya zai kai mu har lambobi masu alƙaluma miliyan 20, alhali ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa ana ƙiyasta su da lamba mai alƙaluma kusan 80. Wannan hanya a rufe take, komai ƙarfin injin.

Mafitar ita ce gwajin da Lucas ya faro, Derrick Lehmer ya kammala a farkon shekarun 1930. A fara da 4. A ninka lambar da kanta, a cire 2, a raba da M, a riƙe saura. A maimaita sau p − 2. Idan aka ƙare da sifiri, M gagara-raba ce. Idan ba haka ba, tana da mai raba ta. Mu yi shi tare da 127, inda p = 7, taki biyar ke nan. Daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, saura 67. Daga 67 sai 4,487, saura 42. Daga 42 sai 1,762, saura 111. Daga 111 sai 12,319, wadda ita ce 127 sau 97 daidai, saura sifiri. Da 2,047 aka gwada, taki na tara zai ƙare da 1,736. Ku lura gwajin ya ce 2,047 tana rabuwa amma bai ambaci 23 ko 89 ba. Yana yanke hukunci ne kawai, ba ya nuna mai laifi.

Ga M taki 136,279,839 ake buƙata, kowane taki ninkin lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta. Abu biyu suka sa hakan ya yiwu. Na farko hanyoyin ninki masu sauri ne, irin wadda Schönhage da Strassen suka fitar a 1971 da gyaran da Crandall da Fagin suka yi a 1994, waɗanda na'urorin sarrafa hoto suka ƙware a kansu. Manhajar GpuOwl ta Mihai Preda ce ta buɗe wa Durant wannan ƙofa.

Na biyun shi ne zuciyar wannan maƙala. Me ya sa zubar da tara ke aiki ta hanyar tara alƙaluma kawai? Domin 9 ita ce 10 − 1, saboda haka kowace goma saurarta 1 ce. To M ma 2^p − 1 ce, saboda haka kowace 2^p saurarta 1 ce. Ɗauki 4,487 na ɗazu. A cikinta akwai 128 sau 35, da ragowar 7. A tara 35 da 7, ga 42, ba a yi rabawa da 127 ba sam. A ƙidayar kwamfuta ta 0 da 1, inda M take jerin 1 zalla har guda 136,279,841, wannan yanka lamba biyu ne a tara kai da wutsiya. Rabawar da ta fi komai cin lokaci ta zama tarawa. Shi ya sa manyan gagara-raban da ke saman jeri kusan duk 'yan gidan Mersenne ne. Ba wai sun fi sauran yawa ba ne. Euclid ya nuna tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa gagara-raba ba su da iyaka, kuma tsakanin M da wadda ta gabace ta akwai wasu da ba sa ƙirguwa. Su dai na Mersenne ne muke da mabuɗin gwada su, kuma mabuɗin shi ne zubar da tara da aka sauya wa ma'auni.

Cikakkiyar lambar da ta zo tare da ita

Cikakkiyar lamba ita ce wadda masu raba ta, ban da ita kanta, suke taruwa su ba da ita: 6 = 1 + 2 + 3, sannan 28, 496, 8,128 da 33,550,336. Euclid ya nuna cewa in 2^p − 1 gagara-raba ce, to ninka ta da 2^(p−1) na ba da cikakkiya. Ibn al-Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk cikakkiya shafa'i haka take, Euler ya kammala hujjar. Saboda haka ranar da aka sami M an sami cikakkiya ta 52 da aka sani, mai alƙaluma 82,048,640, kuma da hanyar ɗazu kowa zai iya ganin ta ƙare da 6.

Amfaninta, da abin da ba amfaninta ba

Ana yawan faɗa cewa irin wannan lamba ce ke tsare kuɗinmu a banki. Ba haka ba ne, kuma bai kamata mu gaya wa ɗalibai haka don mu burge su ba. Tsarin RSA, na Rivest, Shamir da Adleman a 1977, wanda katin ATM ke amfani da shi idan aka zura shi a na'urar mai POS a Sabon Gari ko bakin ƙofar jami'a, yana dogara ne da gagara-raba masu alƙaluma ɗaruruwa kaɗan, waɗanda aka zaɓa a ɓoye. Lambar da duk duniya ta sani, kuma danginta da aka sani 52 ne kacal, ba ta ɓoye sirri.

Amma ƙannenta suna aiki kullum. Lambar Euler, 2,147,483,647, ita ce iyakar ƙirgen tsofaffin manhajoji masu gurbi 32, kuma agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi da wannan ma'auni daga 1970 zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. 2^521 − 1 da Robinson ya gano a 1952, mai alƙaluma 157, tana cikin ma'aunan ɓoye saƙo na intanet a yau, saboda sauƙin rabawar da muka gani. WhatsApp na amfani da 2^255 − 19, mai alƙaluma 77, wadda ba 'yar gidan ba ce amma an zaɓe ta don dalili makamancin wannan. Wanda ya fi kusa da mu a Samaru shi ne 2^19,937 − 1, da Bryant Tuckerman ya gano a 1971. A kanta Matsumoto da Nishimura suka gina injin fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi mai suna Mersenne Twister a 1997, wanda manhajojin R da Python ke amfani da shi. Mai bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke rarraba irin masara a filayen gwaji da R, wannan lamba ce ke yi masa ƙuri'a. Shekara 26 ta yi a ajiye kafin a san abin da za a yi da ita. Ita kanta manhajar GIMPS, Prime95, masu haɗa kwamfuta na gwada lafiyar injin da ita, kuma ita ta tona wani aibi a ƙwaƙwalwar Skylake ta kamfanin Intel a farkon 2016.

Rabon Samaru

Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a 1962, tana da tarihi a wannan fage. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci sashen lissafi sannan ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, sunansa ne a kan cibiyar kwamfutarta. Ba na ba da shawarar mu shiga tseren kambu. Kyautar da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ce, ta ƙungiyar EFF ga wanda ya fara kai alƙaluma miliyan 100 kuwa dala 150,000, kuma hayar injuna irin ta Durant ta fi ƙarfin kowane sashe namu.

Akwai aikin da ya fi dacewa da mu. Lokacin da aka sanar da M ba a gama tantance dukkan lambobin saman da ke ƙasa da 136,279,841 ba, shi ya sa ake ce mata ta 52 da aka sani, ba ta 52 a jeri ba. An taɓa samun irin haka: 2^43,112,609 − 1 ta fito a Agustan 2008, daga baya aka gano biyu da ba su kai ta girma ba. Neman ƙananan masu rabawa na sigar 2kp + 1, da sake gwajin da wasu suka yi, aiki ne da kwamfutar ɗakin gwaji za ta iya. Manhajar kyauta ce, kuma tana adana inda ta tsaya, saboda haka ɗaukewar wuta jinkiri kawai take jawowa. Ɗalibin aji biyu zai iya rubuta gwajin Lucas da Lehmer a layuka goma na Python, ya sake gano lambobin Robinson biyar, 521, 607, 1,279, 2,203 da 2,281, kafin a tashi daga lacca.

Ga masu digiri na biyu da na uku kuwa, tambayoyin da ke buɗe suna nan, kuma ba injin suke jira ba. Har yau babu hujjar cewa gagara-raban Mersenne ba su da iyaka. Abin mamaki, babu ma hujjar cewa masu rabuwa irin 2,047, waɗanda lambar samansu gagara-raba ce, ba su da iyaka, duk da su ne mafi rinjaye a duk inda aka duba. Hasashen Lenstra, Pomerance da Wagstaff na cewa a matsakaici kowace lambar sama ta ninka wadda ta gabace ta da kimanin 1.48, tsakanin 82,589,933 da 136,279,841 ninkin 1.65 ne, wanda bai saɓa wa hasashen ba kuma bai tabbatar da shi ba. Cikakkiyar lamba wutiri kuma ba a taɓa ganin ko ɗaya ba. Ochem da Rao sun nuna a 2012 cewa in ma akwai, ta wuce 10^1500, amma babu wanda ya kore yiwuwarta.

Roƙona ga sashen lissafi da kwalejojin ilimi na Zariya shi ne a sa lissafin saura tun shekarar farko, a fara shi da zubar da tara da hatimin al-Kishnawi, a kai shi har gwajin 127 da muka yi a kan allo, sannan a ware kwamfuta biyu ko uku a ɗakin gwaji su riƙa karɓar aikin tantancewa daga GIMPS da sunan ɗalibai.